Zafin da Ma'auni Ba Ya Gani: Darasin Narkewa da Tafasa a Harshen Hausa

Gabatarwa

A watan Maris na 2025, sabon kundin da ake tafiyar da mulkin Nijar da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar wa Faransanci da Ingilishi matsayin harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ya ajiye wa masu nazarin harshe tambayar da kirari ba zai amsa ta ba: shin malami zai iya tsayawa gaban allo ya koyar da kimiyya da Hausa, yaro ya fahimta, ba tare da an tsere zuwa Faransanci a tsakiyar jumla ba? Tambayar ta daɗe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara karantar da yara da Hausa kafin Faransanci. Kafin nan ma, a 1964, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, ya nace a cikinsa cewa a koyar da ɗan Afirka da harshensa. Mai wannan kira kuwa masanin fizik ne. Shi ya jagoranci ONERSOL, ofishin nazarin hasken rana da aka kafa a Yamai a 1965, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da na dafa abinci da zafin rana.

Hanyar gwada raƙumi ita ce a ɗora masa kaya a ga ko zai tashi. Saboda haka wannan maƙala ta ɗauki darasi guda daga cikin waɗanda ake yi a makarantun sakandare, wato zanen da ke nuna yadda abu yake yi idan ana hura masa wuta, wanda za mu kira zanen ɗumama. Za mu bi darasin da Hausa daga farko har ƙarshe, muna lura da wuraren da harshen ya ɗauki kayan ba tare da nishi ba, da kuma wurin da ya yi ɗingishi, wato kalmar zafi.

Yadda zanen yake

A Koira Kano, kamar sauran unguwannin Yamai, Afrilu da Mayu watannin cinikin ƙanƙara ne, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40 kusan kullum. (Ga mai sha'awar asalin sunaye: sunan unguwar bai haɗa komai da birnin Kano ba, Zabarmanci ne mai ma'anar gari mai daɗi.) Bari mu ɗauki kilo guda na irin ƙanƙarar da ake sayarwa a can, wadda ta fito daga firiza tana digiri 18 ƙasa da sifili. Mu farfasa ta ƙanana, mu zuba a tukunya, mu tsoma ma'aunin zafi, mu ɗora a kan wutar da ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Muna motsawa, muna rubuta abin da ma'auni ya nuna duk bayan rabin minti. In an gama, sai a ja layi biyu a takarda, na kwance yana nuna lokaci, na tsaye yana nuna digiri, a ɗiga kowane awo a wurinsa, a haɗa ɗige-ɗigen.

Wanda bai taɓa ganin gwajin ba zai zaci layin zai miƙe ya yi ta hawa, tunda wuta ba ta huta ba. Abin da yake fitowa ya fi kama da matakalar bene. Da fari layin yana hawa daga 18 ƙasa da sifili zuwa sifili, ƙanƙara tana nan a ƙanƙararta. Da ya taɓa sifili sai ya kwanta. Wuta tana ci, ƙanƙara tana zama ruwa, ma'auni kuwa ko gezau. Sai gutsuren ƙarshe ya narke sannan layin ya sake tashi, ya yi ta hawa har wajen digiri 100. A nan ya sake kwantawa, kwanciya mai tsawon gaske, ruwa yana tafarfasa yana raguwa. Da za a tare tururin a cikin rufaffen mazubi a ci gaba da ba shi wuta, da an ga hawa na uku. Hawa uku ke nan da shimfiɗa biyu.

Alƙaluma su ne suke fito da girman abin. Ana auna kuzari da jul, sunan da aka ɗauko daga James Joule, Baturen Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki yana komawa zafi bisa ƙayyadadden gwargwado. Jul 1000 shi ne kilojul guda. Mu ƙaddara murhunmu yana ba tukunya kilojul guda a kowace daƙiƙa, babu abin da ke zurarewa gefe. Hawan farko zai ci kilojul 38, wato daƙiƙa 38. Narkewa za ta ci 334, minti biyar da rabi. Kai ruwan daga sifili zuwa 100 zai ci 418, kusan minti bakwai. Mai da shi tururi gaba ɗaya kuwa zai ci 2260, kusan minti 38. In an tara, aikin ya ɗauki minti 51, kuma a cikin minti 43 daga ciki ma'auni a tsaye yake cak. Wato mafi yawan abin da wuta ta bayar ya shiga tukunya ta ƙofar da ma'auni ba ya tsaro.

Wanda ya fara tsayawa a kan wannan al'amari shi ne Joseph Black, malami a jami'ar Glasgow ta Sukotland, wajen 1761. Hujjarsa ta farko daga dusar ƙanƙarar ƙasarsu ya ɗauko ta. Ya lura cewa da ɗan ƙarin ɗumi ya isa ya narkar da ita, da duk abin da ya taru a kan duwatsu a lokacin hunturu ya zubo rana ɗaya ya share garuruwa. Amma takan yi kwanaki da makonni tana narkewa, alamar tana shan zafi mai yawa wanda ma'auni bai nuna ba. Mai sayar da zoɓo ta san wannan a aikace. Kilo guda na ƙanƙara yana iya sauko da fiye da lita uku da rabi na zoɓo daga digiri 35 zuwa 10, alhali kilo guda na ruwan sanyi da yake a sifili, daidai da ƙanƙarar a idon ma'auni, ba zai sauko da rabin lita ba.

Abin da ƙwayoyi suke yi

Kowane abu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma abubuwa biyu suke ja-in-ja a kansu. Na farko motsi, domin ƙwayoyin ba sa zama shiru. Na biyu jan juna, wanda yake neman riƙe su wuri ɗaya. A cikin ƙanƙara kowace ƙwayar ruwa tana riƙe da maƙwabta huɗu, tana karkarwa a mazauninta ba ta barinsa, kamar fasinjojin da aka cusa a motar haya, kowa yana mutsu-mutsu a kujerarsa. A cikin ruwa riƙon ya sassauta, ƙwayoyi suna gogar juna suna wucewa, kamar cunkoson Babbar Kasuwa. A cikin tururi kasuwa ta watse, kowace ƙwaya ta kama gabanta da gudun da ya fi mita 600 a daƙiƙa. Shi ya sa lita guda ta ruwa takan cika wurin lita wajen 1700 idan ta zama tururi.

Ma'aunin zafi abu ɗaya kawai yake iya ji, wato matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyi. A wuraren da layi yake hawa, kuzarin da wuta take bayarwa yana tafiya ga motsi, ƙwayoyi suna ƙara sauri, ma'auni yana shaida. A wuraren da layi ya kwanta, kuzarin yana tafiya ga wani aiki dabam, wato kwance riƙon da ke tsakanin ƙwayoyi. Matsakaicin motsinsu bai ƙaru ba, don haka ma'auni ba shi da labarin da zai bayar. Daga nan ake gane dalilin da ya sa shimfiɗa ta biyu ta ninka ta farko kusan sau bakwai. Narkewa sassauta riƙo ce kawai, ƙwayoyin suna nan jikin juna. Tafasa kuwa raba su ce ɗungurungum.

Kuzarin da aka kashe a shimfiɗa bai ɓata ba. Ya fi kama da zubin adashi: ya bar aljihu, amma ranar kwasa zai dawo cif. Idan tururi ya koma ruwa, yana mayar da kilojul 2260 ɗin nan na kowane kilo. Idan ruwa ya daskare, yana mayar da 334. Wannan ne ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, ko da yake su biyun a digiri 100 suke. Wadda ta buɗe madambaci da garaje, tururin dambu ya bugi hannunta, kowane giram da ya koma ruwa a kan fatarta ya sauke mata jul 2260 kafin ma ruwan ya fara hucewa. Akwai kuma wani abu da masu firiza sukan gani. Wani lokaci ruwan leda yakan sauka ƙasa da sifili bai daskare ba, domin ƙwayoyin ba su sami inda za su fara jeruwa ba. Da an buga ledar sai ta cika da ƙanƙara nan take, kuma da akwai ma'auni a ciki da an ga ya yi tsalle ya koma sifili, saboda kuzarin da daskarewar ta saki.

Shi ma karkatar layi a wurin hawa yana da abin faɗa. Giram guda na ruwa yana buƙatar jul 4.2 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, na ƙanƙara 2.1, na yashi bai kai 1 ba. Don haka hawan ƙanƙara ya fi na ruwa miƙewa sama, kuma don haka ne yashin bakin kogin Isa yake ƙona tafin ƙafa da azahar alhali ruwan da ke gefensa yana da sanyi, rana ɗaya kuwa take dukansu.

Kalma ɗaya, abu biyu

Yanzu bari mu saurari malamin da yake son bayyana shimfiɗar nan da Hausar yau da kullum. Abin da zai fito daga bakinsa shi ne: "Zafi yana shiga, amma zafi ba ya ƙaruwa." Yaro mai hankali zai ɗauka malam ya yi tuntuɓen harshe. Jumlar gaskiya ce, sai dai zafin farko da na biyu ba abu ɗaya ba ne. Na farko adadi ne, ana tara shi, yana ƙaura daga wuta zuwa tukunya, ana auna shi da jul. Na biyu matsayi ne, ba a tara shi, ana karanta shi da digiri. A haɗa kofi biyu na ruwa mai digiri 40, ba za a sami 80 ba, amma kuzarin da ke ciki ya ninka.

Misali guda zai raba gardama. Ga randa mai lita 20 ta ruwan ɗumi a digiri 40, ga kuma ɗan kofin shayin fada a digiri 90. Wanne ya fi zafi? Kowane Bahaushe zai ce shayi, kuma ya yi daidai. To, wanne zai fi narkar da ƙanƙara? Ruwan randar zai narkar da kilo 10, shayin kuwa ba zai kai giram 60 ba. Harshen yau da kullum yana tare da fata, abin da ta ji shi yake faɗa. Shi ya sa muke da jerin sanyi ƙarara, sanyi, ɗumi, zafi, zafi zau, dukansu matakai ne na abin da jiki yake ji. Daga nan kalmar ta bazu zuwa zafin ciwo, zafin rai, zafin nama, zafin kai. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake nufin adadin da ake tarawa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin naƙasar Hausa. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yakan zaci rabuwar chaleur da température halitta ce ta harshen. Tarihi bai nuna haka ba. Kalma ta biyu daga Latin take, asalin ma'anarta gauraya bisa daidaito, kuma an daɗe ana amfani da ita ga yanayin iska da ɗabi'ar jiki. Masanan Turai kansu suna cakuɗa abubuwan biyu har zamanin Black. Gwaji ne ya tilasta rabuwar, sannan aka ɗauko tsohuwar kalma aka ɗora mata sabon aiki, makaranta ta yi ta maimaitawa har ta zauna. Abin da aka yi wa wancan harshe da gangan, ana iya yi wa wannan.

A kafofin watsa labarai an saba jin "ma'aunin zafi ya kai 43" ko "yanayin zafi ya kai 43". Ga labarin yanayi, sun wadatar. Ga aji kuwa, duka biyun suna da matsala. Ma'auni sunan kayan aiki ne, ƙirarsa irin ta mabuɗi da magirbi, kuma malami yana buƙatar kalmar don na'urar da ke hannunsa. Yanayi kuma ya yi faɗi da yawa. A ganina matakin zafi ya fi dacewa da abin da ake karantawa da digiri, domin mataki abu ne da ake hawa ake sauka, ba a zuba shi a buhu, kuma ya yi daidai da siffar zanen kansa. Abin da ake aunawa da jul kuma a kira shi kuzarin zafi. Na fifita kuzari a kan makamashi, duk da cewa makamashi ta riga ta kafu a bakin ƴan jarida, saboda ƙirar kalmar tana nuna abin da wuta take kamawa, itace ko gawayi ko gas. A ce ƙwayar ruwa tana da makamashi zai sa yaro ya zaci tana ci da wuta. Da waɗannan biyu, jumlar malam ta zama: "Kuzarin zafi yana shiga, amma matakin zafi ba ya hawa." Babu sauran tuntuɓe.

Saura sunan kuzarin da ake kashewa a shimfiɗa. Black ya kira shi da kalmar Latin mai ma'anar abin da ya ɓuya, Faransanci ya gaje ta a chaleur latente, kuma fassarar kai tsaye za ta ba mu ɓoyayyen zafi. Sunan yana da daɗin ji, amma yana koyar da kuskure, domin yana sa a zaci zafin yana nan laɓe a wani lungu na ruwan. A zamanin Black ana ɗaukar zafi wani abu ne mai kwarara, sunan ya dace da wancan tunani. Tunda Hausa yanzu take zaɓe, ba dole ba ne ta gaji tsohon kuskure. Kuzarin narkewa da kuzarin tafasa sun faɗi aikin da kuzarin ya yi, kuma ana iya tara su a ƙarƙashin kuzarin sauyi.

"Tana narkewa" da "ta narke"

Inda suna ya gaza, aikatau ya yi rawar gani. Narke da daskare da ƙafe da huce duk suna cikin aji na huɗu a rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, ajin da yake ɗauke da ma'anar cikar aiki. Idan aka ce ƙanƙara ta narke, babu sauran gutsure. Idan aka ce tana narkewa, ana tsakiyar aiki, akwai ƙanƙara akwai ruwa. To, shimfiɗar farko a zanen ita ce tsawon wannan "tana". Farkonta shi ne "ta fara narkewa", ƙarshenta shi ne "ta narke", kuma muddin jumlar tana cikin lokaci mai ci, ma'auni yana sifili. Ranar da ta koma shuɗaɗɗen lokaci, layi ya tashi. Ga kuma a daskare da a narke, masu nuna halin da abu yake ciki, sun dace da wuraren hawa, inda abu yake cikin hali guda. Malamin da ya gane wannan yana iya sa yara su rubuta jumlar da ta dace a ƙarƙashin kowane yanki na zanen, nahawun da suka tashi da shi ya yi musu rabin bayani.

Sai dai narke tana da nata tarkon. Muna cewa sukari ya narke a shayi, gishiri ya narke a miya, kamar yadda muke cewa ƙanƙara ta narke. Faransanci ma yana yin haka da fondre a maganar gida. A kimiyya abubuwa biyu ne. Gishiri ba ya zama ruwa don kansa sai a digiri 801, matakin da tukunyar miya ba ta taɓa kusanta ba. Abin da ya faru a miya shi ne ƙwayoyin ruwa sun rarraba na gishiri sun shiga tsakaninsu. Ana iya barin narke ga aikin wuta, a ce gishiri ya saje da ruwa ga ɗayan. Haka ita ma kalmar ruwa take ɗauke da kaya biyu, ruwan sha da kuma duk wani abu mai kwarara, amma wannan bai cika damuwa ba, domin ruwan dalma da ruwan zinariya sun riga sun nuna hanya.

Tafasa, ƙafewa da tururi

A rubuce tafasa kalma ɗaya ce, a baki biyu ce, karin sauti ne ya raba su: wadda ruwa yake yi da kansa, ƙi-karɓau, da wadda mai girki take yi masa, so-karɓau. Zanen yana da saƙo ga ta biyun. Da zarar ruwa ya tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara masa ko digiri ɗaya. Wake a tukunyar da take tafarfasa kamar za ta yi magana da wake a wadda take tafasa a hankali, matakin zafi ɗaya suke gani, lokaci ɗaya za su nuna. Ƙarin wutar ruwa kawai yake kora sama. A birnin da ake shigo da itacen girki daga nesa a manyan motoci, ake kuma sayen gas da kuɗi, wannan layi na kwance magana ce ta aljihu da ta daji: in ta tafasa, a rage wuta, a rufe tukunya.

Digiri 100 ɗin ma ba doka ba ce ta ko'ina. Ruwa yana tafasa ne sa'ad da tururin da ke neman fita daga cikinsa ya yi ƙarfin ture iskar da ke danne shi. Inda ƙasa ta yi tudu, iskar ta fi sauƙi, tafasa takan zo da wuri, ana rasa kimanin digiri ɗaya a kowace mita 300. A Yamai, mai tudun mita 200 da ɗoriya, ruwa yana tafasa a 99 da ɗan kai. A Jos, wajen 96. A ƙololuwar duwatsun Bagzan a Abzin, da suka haura mita 2000, wajen 93. Tukunyar matsi tana yin akasin haka, tana tsare tururi har shimfiɗar ta koma wajen 120, shi ya sa take dafa ganda cikin ɗan lokaci. Mai kuwa ba shi da shimfiɗa a 100, yana wucewa zuwa 170 ko 180, inda ƙosai yake yin ja. Ƙarar da ake ji idan an saka ƙullu ruwan cikinsa ne yake tafasa yana tserewa. Ashe bambancin dafa da soya, wanda harshe ya yi tun kafin a ƙera ma'auni, bambancin wurin da layi yake kwanciya ne.

Ƙafewa ba ta jiran tafasa. Ma'auni matsakaicin motsi yake nunawa, amma a kowane lokaci akwai ƙwayoyin da suka fi saura sauri, kuma waɗanda suke saman ruwa sukan kuɓuce su bi iska. Tunda masu ƙarfin ne suke tafiya, matsakaicin waɗanda suka rage yana sauka, ruwan ya yi sanyi. Aikin randa ke nan, wadda take naso ta jikinta, iska tana kwashewa. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka kuma gumi yake yi: kowane giram da ya bushe a fata yana tafiya da jul wajen 2400. Ranar da iska ta cika da laima gab da saukar damina, gumi ya ƙi bushewa, sai mutum ya ji kamar ana turara shi, ko da ma'auni bai kai na Afrilu ba.

Kalmar tururi ma tana son a ɗan tsaya a kanta. Farin abin da muke gani yana tashi daga butar shayi, wanda shi muke kira tururi, ɗige-ɗigen ruwa ne da suka riga suka koma ruwa a cikin iska. Tururin da zanen yake nufi ba a ganinsa. Yana cikin ɗan sararin nan da ke tsakanin bakin buta da farin hayaƙin, inda ido yake ganin kamar babu komai, kuma nan ne ya fi ƙuna.

Maƙera da man kaɗanya

Zanen bai tsaya ga ruwa ba, kowane abu da nasa. Masu zuba tukwane a kasuwar Katako suna narkar da gwangwanaye da tarkacen alminiyam, ƙarfen da shimfiɗarsa take a digiri 660 in tsantsarsa ne, kuma kowane kilo yana cin kusan kilojul 400 a wurin kafin ya zama abin zubawa. Dalma tana narkewa a 327, azurfar maƙeran Agadas a 962, zinariya a 1064, baƙin ƙarfe sai 1538. Tsohon rabon da Hausa ta yi tsakanin maƙeran farfaru da maƙeran babbaƙu yana bin wannan jeri sau da ƙafa. Na farko wutar gawayi da zugazugi tana kai ƙarafansu shimfiɗa, don haka suna narkarwa su zuba. Na biyu wutarsu tana tsayawa a kan hawa, ƙarfe ya yi ja ya yi laushi, sauran aikin na masaba ne da uwar maƙera.

Shimfiɗa madaidaiciya alamar abu tsantsa ce, har masana sinadarai suna amfani da ita wajen gane ko an yi wa abu gauraye. Man kaɗanya haɗin kitse iri-iri ne, kowanne da matakin narkewarsa, don haka layinsa ba ya kwanciya sosai, jan ƙafa kawai yake yi tsakanin wajen digiri 32 da 45. Harshe ma ya lura, domin ba a cika tsallakawa daga a daskare zuwa ya narke ba: ya yi laushi, ya saki, ya fara ruwa, sannan ya narke.

Akwai sauyi guda da ya rage ba shi da aikatau nasa. Kafur ɗin da ake sakawa cikin akwatin tufafi yana tashi daga daskararre zuwa iska kai tsaye, bai bi ta ruwa ba. Mai akwatin takan ce ya ƙare, ko ya bi iska. Narke ba ta dace da shi ba, tunda babu ruwa. Ƙafe ma ba ta dace ba, tunda abin da yake ƙafewa sai ya kasance mai ruwa tukuna. Ga wanda zai rubuta littafin aji, bin iska ita ce ta fi kusa, kuma tana da fa'idar cewa daga bakin masu akwatin aka ɗauko ta.